Jif mai jan ƙafa huɗu ba ta ƙara maka birki

Masu sayen jif irin su Toyota Highlander ko RAV4 mai jan ƙafa huɗu sukan ɗauka sun gama da damina. Gaskiya ne idan inji na tura ƙarfi ga tayoyi huɗu, mota ta fi saurin fita daga laka. Amma taimakon nan wajen tashi ne. Birki kuwa, kowace mota ƙafa huɗu yake kamawa, kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta tazarar tsayawa takan ninka. Taya ce ke riƙe hanya, don haka ka duba zanenta: idan zurfinsa ya kusa milimita 1.6, iyakar dokar Birtaniya, ruwa zai shiga tsakaninta da kwalta, sitiyari ya yi sakayau a hannunka.

Wani zai ce ai jif tana da nauyi da tsayi. To, nauyin kan wahalar da birki, tsayin kuma kan sa ta saurin kifewa a kwana. Hukumar yanayi ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ruwa mai gudu, zurfin santimita 60, yana tafiya da jif. Idan ka tarar ruwa ya shanye kwalbati, ka tsaya sai ya janye.