Kututture Bai Mutu Ba: Jan Hankali Ga Mutanen Ƙonni, Malbaza Da Illela

Ƴan'uwa manoma da makiyaya da masu saran icce na gundumomin Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, wannan takarda a kan itace take magana, amma ba ta zo don ta hana kowa ɗaukar gatari ba. Babu gidan da ba a hura wuta. Rumfa tana son dirka, ɗaki yana son azara, kalme da gatarin kansa suna son ƙota. An daɗe ana ce wa talaka kada ya sara, shi kuwa bai fasa ba, sai dai ya koma yi da dare cikin gaggawa, kuma saran gaggawa shi ke kashe itace. Abin da ake so kowa ya gane shi ne, itace amfanin gona ne kamar hatsi: yana da lokacin reno, yana da lokacin girbi, kuma akwai yadda ake girbe shi ya sake tohowa.

Dattawa sun san yadda dajinmu ya ƙare. Fari ya yi nasa a 1973, ya maimaita a 1984, jama'a suka ƙaru, aka daina barin saura ta huta. Sai dai doka ma ta sa hannu. Tun dokar daji ta Turawan Faransa ta 1935, har wadda ƙasa ta yi a 1974, itace mai daraja na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro. In ka rene shi ya girma, ka taɓa reshe, ga tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa tumɓuke ɗan gawo tun yana ƙarami. Bayan babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada a watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kountché, tunani ya fara sauyawa. Aka yi dokar ƙasar karkara a 1993, aka sabunta dokar daji a 2004, sannan a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya amince cewa wanda ya reni itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Mai jin tsoron da, ya sani zamani ya wuce wurin.

Mu fara da abin da ba ya cin ko dala. Kowace shekara in bazara ta ƙarato muna shiga sassabe, mu share sabara da kalgo da geza da taramniya, mu tara mu ƙone. Waɗannan ƴan tsirrai da muke ɗauka ciyawa ce, yawancinsu tohon tsofaffin kututtura ne, masu saiwa mai zurfi wadda ta riga ta kai ga laima. Dashen da aka ɗauko daga leda sai ya yi shekaru kafin ya yi irin wannan saiwa, in ma ya rayu. Wannan ne abin da Tony Rinaudo, wani ma'aikacin mishan ɗan ƙasar Ostireliya, ya lura da shi a yankin Maraɗi a 1983, manoma suka karɓa suka yaɗa, aka sa masa suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, har da wasu sassan jiharmu ta Tawa.

Ga yadda ake yi. In ka iske kututture da toho ashirin ko talatin, dubi waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka bar uku zuwa biyar, ka cire sauran. A kan waɗanda ka bari, aske rassan ƙasa har wajen rabin tsayi, kada ka wuce haka, don in ka tsiraita shi iska za ta karya shi. Wuƙa ko adda ta zama mai kaifi, kuma a yanka daga ƙasa zuwa sama. In aka saro daga sama ɓawo yakan ɓare ya bi jikin icce, nan ne gara da ciwo ke shiga. Ɗaura ɗan tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Bayan wata uku ko huɗu ka koma, domin sabon toho zai sake fitowa. In shekara biyu ko uku ta yi, ka sare sanda ɗaya don buƙatar gida, ka bar wani sabon toho ya maye gurbinta. Da haka kututture ɗaya zai yi ta ba ka icce kowace shekara. Wanda ke shakka ya fara da arba'in a hekta guda, ya ga ko hatsinsa zai ragu.

Gawo kuwa ba ya buƙatar a yi masa dogon yabo a ƙasar Adar. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa. Duk wanda ya duba gindin gawo da kaka ya ga bambancin zangarniya. A kiyaye shi daga bakin garma a shekarunsa na farko, shi ke nan.

To, ina wanda gonarsa faƙo ce, babu ko kututturen da za a rena? Amsarsa tana nan gida, a Illela. A 1989 wani shirin raya karkara da asusun FIDA ya ɗauki nauyinsa a kwarin Badagishiri ya kai wasu manoma yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake faɗaɗa ramin shuka a zuba taki, abin da muke kira tassa. Da suka dawo suka gwada a kan ƴan hektoci kaɗan. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da hatsi inda na kusa suka ƙone, daga nan ba a sake buƙatar mai wa'azi ba. Cikin ƴan shekaru dubban hektoci na faƙo suka koma gona, har faƙon da ake bayarwa kyauta ya zama abin saye da sayarwa, samari kuma suka sami sana'ar haƙa. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, takin da ake zubawa a ramin yana ɗauke da irin itatuwan da dabbobi suka ci, gawo da bagaruwa da magarya da aduwa, kuma irin da ya ratsa cikin dabba ya fi saurin tsirowa. Don haka in ka ga ɗan itace a ramin tassa ko cikin ramin tare ruwa mai siffar rabin wata, kada ka nome shi. A Batodi, can cikin ƙasar Illela, an shaida ruwan rijiyoyi ya ƙaru bayan wannan aiki, har mata suka kafa lambunan rani.

Yanzu ga manyan itatuwa. Mutanen kwarin Majiya, wajen Buza, sun fara dasa layukan dogon yaro na tare iska a 1975 tare da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji, layi biyu-biyu, tazarar mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan. Da itatuwan suka girma sai inuwarsu ta fara danne shukar da ke kusa, nan aka koyi cewa dasawa rabin aiki ne. Maganin da aka samu shi ne a sare kan itacen a sama da tsayin mutum, wajen mita biyu da rabi, a bar gangar jiki. Sabon toho yana fitowa inda akuya ba ta kaiwa, bayan ƴan shekaru a sake samun sanduna. Ba a sare layuka duka a shekara ɗaya, don kada a buɗe wa iska ƙofa. Masu dogon yaro a bakin lambuna da cikin gari, daga Tsarnawa zuwa Gidan Idar, wannan hanya ta fi musu kayar da icce daga tushe.

Dajin gari, wato na kan tudu da duwatsu wanda ba gonar kowa ba, shi ya fi wuyar sha'ani, domin kowa na ci, ba mai reno. An gwada wata dabara a dajin Geselbodi kusa da Yamai a shekarun 1980: aka raba dajin kashi goma, ana saran kashi ɗaya a shekara, a tsare shi daga dabbobi har toho ya fi ƙarfinsu, kafin a zagayo kansa ya sake cika. Daga irin wannan gwaji ne dokar 1992 ta ba ƙauyuka damar kafa kasuwar icce tasu, su riƙe wani rabo na harajin. Ko babu wani shiri daga waje, mai gari da jama'arsa suna iya yin wannan rabo. A sari geza da sabara da rani, a bar kututture kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a bar sirara su ƙara kauri, a kuma bar ƴan manya nan da can don iri. Tono saiwa da kunna wuta a gindin icce, waɗannan biyu ba su da uzuri.

Kada mai albasa a Galmi ko mai fili a gandun noman rani na Ƙonni ya ce wannan zancen mutanen tudu ne. Ruwan da ke shayar da gandun Ƙonni daga madatsun Mozage da Zango yake zuwa, a kan Majiya. Duk tudun da aka tsiraita, ruwan sama yana kwashe ƙasarsa ya zuba a madatsa, tana cikewa da laka, ruwan rani yana raguwa.

Ranar 3 ga Agusta kowace shekara ana dashe, kuma abu ne mai kyau. Amma mun cika ƙidaya abin da aka dasa, ba ma komawa a watan Afrilu mu ƙidaya abin da ya rayu. Gara goma da aka kewaye da ƙaya da dubu da aka bar wa awaki.

Sauran magana ta zaman tare ce. Makiyayi yana buƙatar ganye da rani, ba kuwa za a hana shi ba. A yi yarjejeniya gaban mai gari da ardo cewa ƙananan rassa za a sassaƙa, ba za a guntule kan gawo ba, kuma a nemi izinin mai gona. Mata su ne masu neman icce, don haka a sa su cikin kwamitin tsaron daji, a kuma bar musu rassan da aka aske. Wanda yake noma gonar aro ko ta jingina kuwa, kafin ya fara reno, ya je da mai gonar gaban hukumar filaye ta gari, a rubuta wa zai ci itacen, da yadda za a raba ranar da gona ta koma hannun mai ita.