Gyara Da Yabo Ga Baƙo A Wasannin Intanet

Malamai da 'yan'uwana ɗalibai, darasinmu na wannan karo a kan wata tambaya ne wadda kowane mai koyarwa ya kan gamu da ita, watau yaushe za a gyara wa ɗan koyo kuskurensa, yaushe kuma za a yaba masa. Za mu ɗauko misalinmu daga wasannin kwamfuta da a ke yi ta intanet. Dalili kuwa, can duk maganar da ɗan wasa ya rubuta wa ɗan'uwansa ajiye ta a ke yi, saboda haka an sami damar ƙidaya abin da zagi ya ke haifarwa, da abin da magana mai daɗi ta ke haifarwa.

Abin da ke kawo faɗa

Akwai wani wasa mai suna League of Legends, wanda kamfanin Riot Games na Amurka ya fitar cikin  shekarar 2009. Mutum goma ke yinsa, biyar nan biyar can, kowa yana zaune gidansa, galibi ma ba su san juna ba. Karo ɗaya ya kan ci wajen rabin sa'a. Jaruman da a ke zaɓa cikin wasan sun fi 160, kowanne da irin tasa dabara. To, kun ga baƙo ba ya iya sanin wannan duka ran da ya fara. Ga shi kuwa duk sa'ad da aka kashe jaruminsa, abokan gāba su kan sami lada, su ƙara ƙarfi. Watau kuskuren mutum ɗaya shi ke jawo wa mutum huɗu hasara. Nan fa tsofaffin hannu su kan fusata, su yi ta zuba masa baƙar magana, su laƙaba masa sunan raini. Baƙo kuwa in ya sha zagi yau ya sha gobe, sai ya tattara nasa ya nasa ya bar wasan. Jama'ar da ke korar baƙinta, lalle ƙarewa za ta yi.

Abin da masu wasan suka gano

Cikin 2011 kamfanin ya kafa wata irin kotu wadda 'yan wasa da kansu ke duba ƙararraki, su yanke hukunci. Aka kuma ɗauki wani masanin aikin ƙwaƙwalwa, Jeffrey Lin, ya shugabanci masu binciken halin 'yan wasa. Mujallar kimiyya mai suna Nature ta buga labarin aikinsu cikin 2016.

Abu na farko da suka gano, masu mugun baki kullum ba su wuce kashi 1 cikin 100 na 'yan wasa ba, kuma abin da ke fitowa daga bakinsu bai wuce kashi 5 cikin 100 na dukan ɓarnar ba. Sauran duk daga mutanen kirki ne waɗanda ransu ya ɓaci ran nan. Ashe ba mu da wurin fakewa mu ce laifin miyagu ne kaɗai. Laifi tudu ne, in ji Hausawa.

Abu na biyu shi ne ya fi shafarmu. In aka hori mutum aka gaya masa irin laifin da ya yi kurum, kashi 50 cikin 100 ba su sāke yin abin horo ba cikin wata uku. Da aka riƙa nuna wa mai laifi ainihin maganganun da ya rubuta, sai masu shiryuwa suka kai kashi 70. Amma takardar hukunci ta kan yi mako biyu ko wata guda kafin ta iso. Da aka sa na'ura ta riƙa aika ta cikin 'yan mintoci kaɗan, sai suka kai kashi 92. Ko da ya ke wannan gyaran hali ne, darasin ya hau kan gyaran wasa daidai: gyara ya kan ci in ya nuna takamaiman abin da aka yi, ya kuma zo kafin a manta.

Shin yabo ya fi gyara?

Tun kafin a yi kwamfuta malamai ke wannan gardama. Cikin 1925 wata masaniya a Amurka, Elizabeth Hurlock, ta raba 'yan makaranta ƙungiya ƙungiya, ta ba su lissafin tarawa kwana biyar. Waɗansu a kan kira sunansu a yaba musu gaban aji, waɗansu a tsawata musu, waɗansu kuma suna zaune suna ji, ba a ce musu kome ba. Kashegari waɗanda aka yaba da waɗanda aka tsawata wa duk suka ƙara ƙoƙari. Amma da kwanaki suka ci gaba, sai na tsawa suka fara ja da baya, na yabo kuwa suka yi ta hawa. Waɗanda aka ƙyale ba su ƙaru da abin kirki ba. Kun ga tsawa tana da ƙarfi, amma ƙarfinta ba ya daɗewa, shiru kuwa ba ya koyar da kowa.

Har wa yau cikin 2012 Stacey Finkelstein da Ayelet Fishbach suka buga bincikensu a kan masu koyon Faransanci. Suka tarar 'yan ajin farko sun fi na gaba son malamin da ke nuna musu abin da suka yi daidai, waɗanda suka yi nisa kuwa sun fi neman a nuna musu inda suka kāsa. Dalili a fili ya ke. Baƙo tambayar kansa ya ke yi, "Anya ina da wuri a nan?" Gwani ya riga ya san yana da wuri, abin da ya ke so shi ne ya ƙara gwaninta. Saboda haka mudun da za a auna wa wannan dabam ne da na wancan.

Waɗansu masu wasanni sun yi aiki da wannan. Cikin Final Fantasy XIV, na kamfanin Square Enix na Japan, a kan sa hoton ɗan tsiro kusa da sunan sabon shiga, don kowa ya gani ya yi masa haƙuri. Cikin 2016 suka ƙara da masu jagora, watau tsofaffin hannu waɗanda aikinsu amsa tambayoyin baƙi, kuma mai son zama jagoran yaƙi sai ya tara yabo mai yawa daga abokan wasa tukuna.

Amma fa kada mu zarce. In aka bar baƙo da "madalla, madalla" alhali yana maimaita kuskure ɗaya, ba a yi masa alheri ba. Ran da ya shiga cikin gwanaye zai sha kunyar da ta fi ta farko, ya kuma gane yabon nan na baka ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ka'idodi biyar

1. Ka fara sanin matsayin mutum. Wanda ya fara jiya, yabonsa ya fi gyaransa yawa. In ƙafarsa ta kafu, sa'an nan ka ƙara gyara.

2. Ka soki aikin, ka bar mai aikin. "Ka shiga faɗa kai kaɗai, gobe ka jira mu" magana ce da mutum zai iya aiki da ita. "Kai ba ka iya kome ba" ba ta nuna masa hanya ko ɗaya.

3. Kuskure ɗaya a lokaci ɗaya. Ka zaɓi wanda ya fi girma, sauran su jira.

4. Ka yi gyara da wuri, amma ba tsakiyar fage ba. Mutumin da hankalinsa ke kan wasa ba ya jin wa'azi. Da an tashi ka yi masa magana, in da hali ku biyu kaɗai.

5. Yabo ma ya zama na gaskiya, ya faɗi abin da aka yi. "Ka kyauta da ka ja da baya sa'ad da suka taru" ya fi "kai gwani ne" amfani.

'Yan'uwa, mu da za mu tsaya gaban aji ba da daɗewa ba, yaron da aka kawo mana tsakiyar zango shi ne baƙon nan mai ɗan tsiro kusa da sunansa. Abin da ya ji daga bakinmu cikin makon farko shi zai sa ya ɗaga hannu gobe ko ya koma bayan aji ya yi shiru.

Tambayoyi

(a) Me ya sa kuskuren baƙo ke fusata abokan wasansa cikin League of Legends?

(b) Kawo abu biyu da suka sa masu shiryuwa suka tashi daga kashi 50 zuwa kashi 92.

(c) Wani yaro ya yi lissafi goma, ya ci uku. Rubuta jimla biyu da za ka sa a ƙarshen littafinsa.