GADON HALI A JIKIN SHINKAFA: NAZARI DAGA FADAMUN KIRIKASAMMA

Gabatarwa

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan karin magana ya dace da tsirrai kamar yadda ya dace da dabbobi, domin yawan 'ya'yan da shinkafa ke yi da juriyarta ga ruwa duk gado ne. Maƙalar nan za ta duba yadda wannan gado yake aiki, da dalilin da ya sa saninsa ya zama wajibi ga manomin fadamun Kirikasamma, a ƙasar Haɗeja.

Yin 'Ya'ya

Idan manomi ya ce shinkafa ta yi 'ya'ya, yana nufin rassan da ke tohowa daga gindinta, waɗanda kowannensu ke iya fid da kai. Masana sun nuna cewa waɗansu ƙwayoyin gado da ke cikin iri su ne ke ba da umurnin wannan toho. A shekarar 2003 masu bincike a ƙasar Sin suka gano ɗaya daga cikinsu, suka raɗa mata suna MOC1. Shinkafar da wannan ƙwaya ta lalace a jikinta takan tashi da kara ɗaya tilo. Watau taki da ban ruwa suna taimakawa, amma ba sa wuce iyakar da gado ya shata.

Dabaru Biyu na Tsira daga Ruwa

Ruwan da ke raya shinkafa shi ne kuma kan halaka ta. Tana da dabaru biyu na tsira, dukkansu iskar etilin ce ke tayar da su, wadda kan taru a jikin tsiro idan ya nutse.

Dabara ta farko ita ce tsere. Shinkafar ruwa mai zurfi takan miƙa karanta yayin da ruwa ke hawa, har ta ƙara kamar santimita 20 a rana guda. Masanan Jafan ne suka gano ƙwayoyin da ke sa haka a 2009, suka kira su SNORKEL.

Ta biyu ita ce haƙuri. Wani tsohon iri na Indiya mai suna FR13A yakan dakatar da girma idan ruwa ya shanye shi, ya adana ƙarfinsa har kusan mako biyu, sa'an nan ya farfaɗo bayan ruwa ya janye. An bayyana ƙwayar da ke da alhakin haka, watau SUB1A, a 2006. A 2017 aka fitar da FARO 66 da FARO 67 a Nijeriya, bisa haɗin gwiwar cibiyar AfricaRice da Cibiyar Binciken Hatsi ta Badeggi, kuma dukkansu suna ɗauke da wannan hali.

Abin da Ya Shafi Kirikasamma

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwan kogin Haɗeja ya sake salo. Daɗin daɗawa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ga kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 da suka cinye gonaki masu yawa. Saboda haka fadamu ba su zama ɗaya ba. Inda ruwa ke hawa sannu a hankali ya zauna watanni, iri mai haƙuri zai ruɓe, sai mai tsere. Inda kuwa yake zuwa farat ɗaya ya wuce cikin kwanaki, mai tsere zai yi tsawon banza, ya kwanta da zarar ruwa ya janye.

Kammalawa

Ashe babu irin da ya fi kowane iri, sai dai wanda ya dace da fadamarsa. Masani ya san halin iri, manomi ya san halin ruwan gonarsa, kuma harshe ne zai sada su. Aikin da ke gaban masu nazarin Hausa shi ne su tattara kalmomin manoman wannan yanki, su kuma daidaita na kimiyya, don kada jahilcin suna ya jawo asarar damina.