Asalin Mas'ala: Neman Ƙaramin Ninkin Tarayya a Rabon Gado a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Tambuwal ta daɗe da karatun zaure tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna garin a ƙarni na 19. A can da maƙwabciyarta Kebbe, idan magidanci ya rasu ya bar shanu da gonar fadama, malami ko alƙali ake nema ya fitar wa kowane magaji haƙƙinsa. Aikin farko da mai rabo yake yi shi ne neman “asalin mas'ala”, wato adadi mafi ƙanƙanta da kason kowa zai fita daga cikinsa ba tare da karyewa ba. Wannan shi ne abin da lissafin boko yake koyarwa a firamare, wanda wannan maƙala ta kira ƙaramin ninkin tarayya.

2.0 Dangantaka Huɗu

Kason da aka ƙayyade a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusani, sulusi da sudusi. Lambobin ƙasansu su ne 2, 4, 8, 3 da 6. Duk yadda aka haɗa su, asali ba ya wuce ɗaya daga cikin bakwai: 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24.

Babin gado na Muhtasar Halil, littafin da almajiran fiƙihun Malikiyya suke hawa bayan Risala, ya gina aikin a kan duba lambobi biyu-biyu. Idan daidai suke, tamasuli ke nan, sai a ɗauki ɗaya. Idan ƙaramar ta shige cikin babbar ba saura, kamar 3 da 6, tadahuli ne, sai a riƙe babbar. Idan wata lamba ta raba su duka biyu, kamar yadda 2 take raba 6 da 8, tawafuƙi ne, sai a raba ɗaya da wannan lamba a ninka sakamakon da ɗayar. Idan ba abin da ya haɗa su, kamar 3 da 8, tabayuni ne, sai a ninka su kai tsaye. Abin lura, 3 da 8 ba sa haɗuwa sai ta hanyar sulusani, domin tumuni yana tabbata ne idan mamaci ya bar ɗa ko jika ta wajen ɗa namiji, sulusi kuwa sai idan bai bari ba.

Idan lambobin sun wuce biyu, abin da ya fito daga biyun farko shi ake gwadawa da ta uku. Haka Iƙlidisu ya yi a littafi na bakwai na Usul, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

3.0 Misali

A ƙaddara wani manomi a Kuchi ya rasu ya bar mata huɗu, da uwa, da 'ya'ya mata uku, da 'yan'uwa maza shaƙiƙai shida. Mata suna da tumuni, uwa sudusi, 'ya'ya sulusani, saura na 'yan'uwa ne a matsayin asaba. Lambobin su ne 8, 6 da 3. Uku ta shige cikin shida. Shida da takwas sun yi tawafuƙi da rabi, don haka 3 sau 8 ya ba da 24. Mata sun sami 3, uwa 4, 'ya'ya 16, jimla 23, saura 1.

Sai dai 3 ba ta rabuwa ga mata huɗu, 16 ba ta rabuwa ga 'ya'ya uku, 1 kuma ba ta rabuwa ga mutum shida. Wannan shi ne inkisari, maganinsa kuma tas'hihi, inda ake sake neman ƙaramin ninki, wannan karon na kawuna: 4, 3 da 6. Uku ta shige cikin shida. 4 da 6 sun yi tawafuƙi, 2 sau 6 ya zama 12. Sai a ninka 24 da 12, a sami 288. Kowace mata ta tashi da 9, uwa 48, kowace 'ya 64, kowane ɗan'uwa 2. Idan aka tara 36 da 48 da 192 da 12, za a koma 288 daidai.

A nan ne almajiri yakan yi tuntuɓe. Ganin 6 ta fi 4 girma, sai ya zaci tadahuli ne ya riƙe 6, ya sami 144. Kason mata ya zama 18, ya sake karyewa a kan huɗu. A takarda rabin sahami ƙaramin abu ne, amma a gonar fadama iyaka ce tsakanin kishiyoyi, wadda 'ya'yansu za su gada da rigimarta. Wanda kuma ya ninka 4 da 3 da 6 gaba ɗaya zai sami 72, mas'ala ta kai 1,728. Rabonsa bai ɓaci ba, amma malamai ba sa karɓar adadin da za a iya taƙaita shi.

Hanyar boko ta farfasa lambobi ta kai ga wuri guda: 4 ita ce 2 sau 2, 6 ita ce 2 sau 3, don haka 2 sau 2 sau 3 ya zama 12.

4.0 Batun Kalmomi

Ga masu aikin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin lissafi, hanyar zaure tana da fifiko ɗaya: ta ba kowace dangantaka suna, kuma sunayen sun riga sun zauna a bakin malamai da ɗaurin wasalin Hausa, kamar yadda tumuni ya zauna har matan gida suka san shi. Rauninsu shi ne wanda bai yi Larabci ba ba ya jin ma'anarsu. Ga ɗan aji biyar a Dogon Daji, “daidaito”, “shigar juna”, “dacewa” da “saɓani” za su fi saurin shiga kai, muddin an ajiye su kusa da na zauren, domin ya gane su ranar da ya zauna a wurin rabon gadon gidansu.