Kama Haya a Ingila: Jan Hankali ga Ɗalibai

Duk ɗan Nijeriya da zai yi dogon zama a Ingila don karatu, masauki mafi araha gare shi shi ne ɗaki guda a gidan haɗaka. Amma kada ya biya ko kwabo sai ya ga ɗakin, ya kuma karanta takardar yarjejeniya.

Bisa dokar 2019, kuɗin ajiya na irin wannan haya ba sa wuce na mako 5. Wajibi ne mai gida ya yi musu rajista cikin kwana 30 a wurin da gwamnati ta amince da shi. Wannan rajista ba ta shafi mai zama tare da mai gidan ba.

Ɗalibi ya nemi shaidar rajistar a rubuce, domin ita ce madogararsa ranar tashi.