Yadda Ake Ƙera Faifan da Ke Fito da Hoton Furotin

A ɗakin gwaji na asibiti, ko a Talata Mafara ne, ko Bakura, ko Maradun, sai an rina jini da ruwan Giemsa kafin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fito a madubin likita. Madubin ilektiron kuwa, idan furotin aka daskarar cikin ƙanƙara, ba a rina shi. Ilektiron kan ratsa shi su wuce, hoton ya fito dishi-dishi. Maganin shi ne faifan sauya taku, dabarar da Frits Zernike na Holan ya ƙirƙiro don madubin haske, ta kuma ba shi kyautar Nobel a 1953. Kuniaki Nagayama da Radostin Danev suka gwada ta da fatar kabon a madubin ilektiron a Okazaki ta Japan a 2001.

Wajen ƙera faifan, da farko ana ɓare dutsen maika, mai tashi falle-falle, don a sami fuska mai santsi. A sa shi cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska ƙaf, a zafafa sandar kabon da lantarki har ta yi tururi ya kwanta a kansa. Kaurin da ake nema nanomita 20 zuwa 30 ne, gwargwadon ƙarfin madubin. Nanomita miliyan ɗaya ke cika milimita guda.

Daga nan a tsoma maikar cikin tataccen ruwa a karkace, sannu a hankali. Fatar kabon sai ta saki dutsen ta yi iyo. A tallabo ta daga ƙasa da ƙaramin faifan ƙarfe mai huji, a bar ta ta bushe.

Sai huda. Da tsinin ƙwayoyin galiyom ake fasa rami a tsakiya, faɗinsa bai wuce nanomita 1,000 ba. A ƙarshe a kafa faifan bayan babban gilashin maganaɗisu na madubin, daidai inda ilektiron ke tattaruwa. Ilektiron da suka wuce salin-alin za su bi ta ramin. Waɗanda furotin ya karkatar za su ratsa kabon, takunsu ya goce da rubu'in zango. Da sun haɗu a gaba, duhu da haske su rabu sarai.

Matsalar ita ce datti da cajin lantarki kan taru a bakin ramin. A 2014, a cibiyar Max Planck da ke Martinsried a Jamus, Danev da abokan aikinsa suka fito da faifan Volta, marar rami: a dumama fatar zuwa wajen digiri 200, ilektiron da kansu su yi tabon da ke sauya takun. Da wannan faifan aka zana siffar himogulobin a 2017. Tabon kan sauya da amfani, dole a riƙa matsawa sabon wuri. Shi ya sa a 2019 masanan Berkeley a Amurka suka maye gurbin kabon da hasken leza.