Masu Tsohuwar Tantan, a Duba Wutarta Kafin Ruwa Ya Sauka

Ni rewaya ne, gyaran wutar mota ce sana'ata, kuma da rani yawancin aikina kan tantan yake a ƙasar Ɗambatta, Makoɗa da Bichi. Har yau akwai Massey Ferguson 135 da 165, waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, suna huɗa suna jan taki zuwa gona, ga Steyr ta Bauchi da Fiat da aka riƙa haɗawa a nan Kano. Injinansu ba laifi. Wutarsu ce ta mutu tun tuni, masu su kuma ba su damu ba, saboda injin gas irin na da in ya tashi ba ruwansa da batir.

To amma ku dubi gonakinmu. Ƙanana ne, gado ya yayyanka su, tantan ɗin haya tana gama wannan a ɗan lokaci sai ta tsaya jiran ciniki da mai ta gaba. Direban da ya san in ya kashe ba za ta tashi ba, haka zai bar ta tana ruri tun hantsi har la'asar. Gas ɗin da ke ƙonewa a tsaye, da za a tara kuɗinsa, da ya sayi batir sabo.

Tushen matsalar danamo ne. Da yawa daga cikin tsofaffin nan da danamon Lucas suka zo, wanda ƙarfinsa bai wuce amfiya 22 ba, kuma ba ya cajin kirki sai an taka wuta. Altaneta kuwa tana bayar da 45 ko fiye, tana caji ko inji na silo. Shi ya sa nake ba da shawarar a sauya, ana samunta a kasuwar Ƙofar Ruwa. Sai dai a yi aikin gaba ɗaya, don abin da na fi gyarawa shi ne rabin aikin da wani ya bari.

Kafin a ɗaura ta, a duba wane kan batir ne aka ɗaure a jikin ƙarfe. Wasu tsofaffin tantan na Ingila kan fulos ne a jiki, altaneta kuma mainos take so. In aka haɗa a juye, nan take za ta ƙone. Akwatin katawut na danamo ya tashi aiki, a cire shi. Wayar caji a sa mai kauri, kuma don Allah ba wayar gida ba, wannan mai tauri da girgiza ke karyawa. Fitilar caji ta gaban direba ma ba ado ba ce, ta nan altaneta ke samun wutar farawa. In an gama a sa mita a kan batir inji na aiki, ya nuna tsakanin volt 13.8 da 14.4.

Sai fiyus. Na sha buɗe tantan in tarar an naɗa wayar tagulla a gurbinsa, wai don kada ya sake yankewa. Ai yankewar ita ce amfaninsa. Motar da ke ɗauko kara da harawa, ga gas na ɗiga, ga ɓera ya gaigaye waya a rumfa, tartsatsi ɗaya ya isa. Haka al'adar zare kan batir inji na aiki don a ga ko tana caji: danamo na iya jurewa, altaneta ba ta yafewa. In za a yi walda a jikin motar, a kwance batir tukuna.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne tayar da kik da sifana. Mai yin haka yana tsaye ne a ƙasa, daidai gaban babbar tayar baya. In an manta da giya a ciki, motar ta kansa za ta bi, Allah ya kiyaye. In makunni ne ya lalace, sabo bai kai kuɗin jarkar gas ba.

Alhazai masu tantan, ku kawo su yanzu da rani. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa zai taho lokaci ɗaya, mu kuma hannu biyu gare mu.